Taken Inna a Bakin Goge: Asalinsa da Tafiyarsa a Ƙasar Ruma



Da aka aiko mini da takardar gayyata, aka ce in zo in yi magana a kan wani abu da ya shafi tarihin ƙasarmu, na san galibinku kun sa rai za ku ji labarin sarakuna da yaƙe-yaƙe, balle da yake ni mutumin Ruma ne, ƙasar da ba a ambatonta a rasa ambaton Ɗanwaire. To, sarakunan za su shigo, yaƙin ma zai shigo, amma a bayan wani abu za su biyo. Abin da na zo da shi yau wani ɗan kiɗa ne na goge, wanda tsawonsa bai fi mutum ya ja numfashi sau biyu ba, watau taken Inna, wadda wasu ke kira Doguwa.

Na ga wasu sun gyara zama. Kada hankalin kowa ya tashi. Ban zo da mai goge ba, ba kuwa wanda zai faɗi a ɗakin nan. Matsayin addini a kan bori sananne ne, malamai sun daɗe da bayyana shi, ni ma a kansa nake. Amma mai nazarin tarihi kamar mai haƙar rijiya yake, duk irin ƙasar da ya tarar tilas ya fito da ita ya duba, fara ce ko baƙa.

Ina yaro na fara jin wannan kiɗa, a wani ƙauye tsakanin Batsari da Ruma, bayan an gama girbi. Da dare ne, muna wasa a dandali, sai ga wata murya siririya ta taso daga bayan gari kamar mace tana kuka a nesa, ƙwarya na amsa mata. Ban ankara ba sai na ji kakata ta finciki hannuna ta yi cikin gida da ni. Na tambaye ta kiɗan wane ne, ta ce, "Kul! Ba a faɗi. Na mai gari ne." Na ce ai mai gari namiji ne, kuma ga gidansa can. Ta ce in rufe mata baki. Shekaru da yawa suka wuce kafin in gane cewa tsohuwar nan, wadda ba ta taɓa zama a aji ba, ta ba ni amsar da manazarta suka cika littattafai suna nema.

Bari mu fara da abin da ake nufi da take. Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa ko dai ta hau ko ta sauka ko ta faɗi, shi ya sa ake bambanta kuka na hawaye da kuka ta miya. Saboda haka in mai goge ya bi hawa da saukar wata magana da tsirkiyarsa, wanda ya san maganar zai ji ta sarai ko ba a buɗe baki ba. Take, ashe, kirari ne da aka tuɓe wa kalmomi aka bar karinsa. Sarki na da nasa, ɗan dambe na da nasa, mahauci da manomi haka, kuma a wajen 'yan bori kowane iska na da nasa, ba ya kuwa amsa na wani. Wani Bajamushe, Veit Erlmann, wanda ya zauna da makaɗan bori a Maraɗi ya ɗauki kiɗansu, ya buga nazarinsa a kan wannan a 1982. Fremont Besmer ma ya tarar da haka a Kano, kamar yadda ya nuna a littafinsa na 1983, sai dai a can garaya da buta suka fi yawa, a arewa da yamma kuwa goge da ƙwarya.

Wannan shi ne mabuɗin zancenmu. Tun da take magana ce, ana iya bin sawunsa kamar yadda ake bin sawun kalma. Ba wanda zai ce ga ranar da aka ƙaga shi, ga wanda ya ƙaga, domin irin wannan kiɗa ba mutum ɗaya ke yinsa ba. Amma ana iya duba sunayen da ke ƙarƙashinsa a ga wanne ya riga wanne.

Sunan da ya fi tsufa shi ne na gona. Joseph Greenberg, wanda ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930 ya buga littafinsa a 1946, ya tarar da ita a can ana ce mata Inna, ana ce mata Doguwa, ana ce mata Uwar Gona. Ku lura, duka ukun nan ba suna ba ne na yanka, sakayawa ce, irin yadda matar kirki ba ta faɗin sunan mijinta ko na ɗanta na fari. Abin da kakata ta yi ke nan. A wannan matsayi ita ce mai tsaron gona da rumbu, mazauninta tsamiya ko kuka, kuma wanda ya saci abin gonar da aka ba ta amana, an ce sai ta shanye masa hannu ko ƙafa. Daga nan muka sami kalmar da kowa a ɗakin nan ya sani, har da wanda bai taɓa ganin goge ba: shan-inna. Likitoci sun nuna ƙwayar cuta ce ke kawo ta, an yi shekaru ana ɗiga wa yara magani a baki, har a watan Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shaidar cewa irin ƙwayar nan ta asali ta ƙare a Afirka. Duk da haka ko a takardun asibiti da sanarwar rediyo sunan bai sake ba. Ma'aikacin lafiya mai digiri yana kiran sunan Inna kullum bai sani ba.

Daga gona ta shiga fada. A labarin gargajiya na Katsina, Muhammadu Korau ya karɓe sarauta daga hannun Sanau ne a wajen kokawa, a gindin wata tsamiya da ake kira Bawada, wajen ƙarni na 15. Marigayi Yusufu Bala Usman, a nazarinsa na tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, ya nuna yadda sarautar ƙasar kafin jihadi ta tsaya da ƙafa biyu, ɗaya a Musulunci, ɗaya a tsohuwar alkawarin da ke tsakanin masu mulki da iskokin ƙasa, Inna na kan gaba. Sarki na da masallaci da malamai, amma bai yar da tsamiya ba. Kun ga inda "mai gari" ta fito a bakin kakata.

Akwai kuma suna na uku, Bafilatana. A wajen 'yan bori Inna Bafilatana ce, abin sonta nono, ita da 'yar'uwarta Barhaza. Wannan ba zai riga zuwan Fulani ƙasar Hausa ba, littafin tarihin Kano kuwa ya ambaci zuwansu daga Mali a zamanin Sarki Yakubu, 1452 zuwa 1463. A ganina wannan suna ya hau kan na farko ne a wuraren da manomi da makiyayi suka zauna tare, har mai tsaron rumbu ta zama mai tsaron garke. In kuwa ana neman irin wannan wuri, da wuya a sami wanda ya fi bakin dajin Rugu, inda tun kakanni Bafilatana ke kawo nono ta koma da gero. Abin tunani ne, a wannan zamani da muke ciki, cewa Bahaushen da ya fi kowa riƙo da al'adar kakanninsa, da ya tashi siffanta uwar ƙasarsa, da siffar Bafilatana ya siffanta ta.

To, goge fa? Nan ne mutane da yawa ke kuskure, suna zaton kiɗan da abin kiɗan tagwaye ne. Ina ganin taken ya girmi gogen nesa ba kusa ba. Hujjata ita ce, ana kiran Inna da garaya a wasu wurare, ana kiranta da ƙwarya zalla a cikin gidaje inda mata ke kiɗa, kuma duka ta amsa. Goge kuwa ɗan dangi ne babba da ya bazu a gefen Sahara: Buzaye na da imzad wanda mata ke gogawa, Zabarmawa na da nasu mai suna kusan ɗaya da namu, Fulanin yamma na da nyanyeru, Dagwambawan Gana na da gonje a fadar sarakunansu. Malaman kiɗa suna danganta dangin duka da rababa ta ƙasashen Larabawa, wadda Alfarabi, da ya rasu a shekara ta 950, ya ambata a babban littafinsa na kiɗa. Farfesa Jacqueline DjeDje ta tattara tarihin wannan dangi a littafinta na 2008. Hanyar da ta kawo gishiri da takarda da dawaki ita ta kawo dabarar goga gashi a kan gashi, Katsina kuwa tana bakin wannan hanya.

Da ya zo sai ya zama ɗan gida, domin duk kayan haɗa shi a bayan gari suke. A sami rabin ƙwarya, a rufe ta da fatar guza, a huda gefe don murya ta fita, a soka sanda. Tsirkiyar tsagiya ce, watau gashin wutsiyar doki, ta bi ta kan wani ɗan itace da ake kira jaki. Bakan ma tsagiya ce, a shafa mata ƙaro don ta kama. Ku riƙe guza da doki a ranku, za mu komo kansu. Sai dai in faɗi wani abu da ya daɗe yana ba ni sha'awa: wanda iska ke hawa doki ake ce masa, mace kuma goɗiya, ga shi da wutsiyar doki ake kiran mahayin.

Me ya sa goge ya ƙwace wannan aiki a ƙasarmu? Garaya tsinke-tsinke take magana, in an taɓa sautin ya mutu. Goge kuwa yana jan sauti, ya lanƙwasa shi, ya sauko da shi a hankali, daidai yadda muryar mutum ke yi a gaɓa mai faɗuwa. Yadda na ji ana goga taken Inna a wajenmu, gajeriyar jimla ce da ke farawa sama ta gangaro, a maimaita, a sake maimaitawa, kowane zagaye da ɗan abin da aka ƙara ko aka rage, 'yan ƙwarya na riƙe da ƙasa. Ba a fara shi da gaggawa. Wani tsohon mai goge ya ce mini babbar mace ba a yi mata kiran yara.

Yanzu ga sarakuna da yaƙi. Wajen 1807 mutanen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka ci Katsina, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki. Zuriyar tsofaffin sarakuna suka yi arewa, har Ɗankasawa ya zauna a Maraɗi wajen 1819, suka ci gaba da kiran kansu sarakunan Katsina. Da suka tafi ba su bar kome ba: Ƙaura da Galadima da Durɓi da 'Yanɗaka, da kuma sarautar Iya, 'yar gidan sarki wadda 'yan bori duka ke ƙarƙashinta, kamar yadda suke ƙarƙashin Inna a Gobir. Daga wannan lokaci take ɗaya ya sami matsayi biyu. A Maraɗi da Tsibiri kiɗan fada ne, ana yinsa da rana tsaka a ƙofar masu sarauta. A ƙasar da ke bin Sakkwato kuwa ya zama abin ɓoyo, har ake cewa goge kan bidi'a. Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa 'yan taru don ta janye mata daga bori zuwa karatu, kuma saboda sanin mutanenta sai ta ba jagororinsu, watau jajis, malfa irin wadda Innar Gobir ke sawa. Ta san ba a raba mutum da abu a bar hannunsa wofi.

Ruma na tsakiyar waɗannan biyu, nan ne kuwa ta sha wuya. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya rundunar Gobir da Maraɗi, sai Ɗanmari ya hau sarautar Maraɗi. Ba a daɗe ba garuruwa da dama na yammacin Katsina suka juya suka bi shi. Sarkin Katsina Siddiƙu ya murƙushe tawayen da hannu mai nauyi, garuruwa suka watse, daji ya cinye gonaki, shi kansa kuma aka tuɓe shi a 1844. Da Bature Barth ya bi ta yammacin Katsina a 1853 zai tafi Sakkwato, cikin tsoron mahara ya yi tafiyar, yana wuce kufai. Sa'an nan ga hare-haren Ɗanbaskore, har zuwa ƙarshen ƙarnin, zamanin da Ɗanwaire ya yi suna. Saboda haka wani sashe na abin da muke kira daji a yau, da can garuruwa ne masu ganuwa da marina.

Ku dubi abin da wannan ke nufi ga ɗan kiɗanmu. Mutanen da suka watse, wasu sun yi arewa sun zauna ƙarƙashin Iya, inda ake goga taken a fili. Wasu an kama su an kai. Da ƙura ta lafa, 'ya'yansu da jikokinsu suka riƙa komowa suna sabunta kufan iyayensu, musamman bayan Turawan Ingila sun shiga Katsina a 1903, aka kuma shata iyaka tsakaninsu da Faransa daga 1906 zuwa 1908. Ra'ayina shi ne, taken Inna da aka sani a Ruma kiɗa ne da ya yi hijira ya komo. An haife shi a gona irin tamu, ya girma a fadar Katsina, ya yi zaman gudu a Maraɗi, kana ya sake ƙetaro iyaka a kafaɗar manoma da fatake da matan aure. Tsofaffin masu goge da na zanta da su, in suna lissafin waɗanda suka koya musu, da wuya a kai mutum na uku ba a ƙetare iyaka ba. Iyakar da Bature ya shata da turaku, goge bai taɓa tsayawa a nuna masa ita ba.

Zamanin Turawa da bayansa ba sai na daɗe a kai ba. Masu mulkin Ingila sun hana bori tun farkon zuwansu, sai ya koma gidajen magajiya da bayan gari. Daga baya goge ya sami wata sabuwar kasuwa a birane, ya shiga otal da gidan rawa da rediyo, inda irin su Garba Liyo na Funtuwa suka yi tashe, kukuma kuma, ƙanwar goge, ta fito da irin su Ahmadu Doka da Hassan Wayam. A nan aka riƙa ɗebo jimlolin tsofaffin take ana ɗora musu waƙar duniya, samari na rawa ba su san da wa suke rawa ba. Aka zo shekara ta 2000, aka ƙaddamar da shari'a a Jihar Katsina, fagen ya ƙara tsukewa. Duk wannan bai kashe taken ba, domin ya saba da ɓoyo tun 1807.

Abin da ya same shi a 'yan shekarun nan ya fi duk waɗancan. Kowa ya san abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukan bakin Rugu. A watan Fabrairu 2020 aka kashe mutane wajen 30 a Tsauwa da Ɗankar cikin ƙaramar hukumar Batsari, a watan Disamba na shekarar kuma aka kwashe ɗaruruwan 'yan makaranta daga Ƙanƙara aka shiga da su daji. Ƙauyuka da yawa na Batsari da Safana suka tashi. Ba na so a fahimce ni a karkace: ran mutum ɗaya ya fi dukan gogen duniya. Amma ku tuna, wannan ne karo na biyu cikin ƙasa da shekara 200 da ƙasar nan ta watse, kuma abin da muka sani na watsewar farko kaɗan ne ƙwarai, domin ba wanda ya zauna ya tambayi waɗanda suka gani. Doka na iya hana a yi kiɗa a fili, yaro ya koya a ɗaki. In gari ya tashi kuwa, mai goge ya yi gabas, 'yan ƙwaryarsa su yi kudu, yaron da zai gada ya tafi birni yana tura baro, to, nan ne igiya ke tsinkewa.

Na je gaida tsohon nan da na ambata, a ɗakin da wani ɗan'uwansa ya ba shi aro a cikin gari bayan sun baro ƙauyensu. Na tarar da gogen rataye a bango, fatar ta tsage. Na ce, "Baba, me ya hana a sake fata?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, guza na daji, wa zai shiga ya kamo? Dokin da nake tsinkar wutsiyarsa ma an kore shi tare da shanu." Na roƙe shi ko da baki ne ya yi mini taken. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce ya tuba da kiran kowa, amma zai yi mini don in san yadda ubansa ke yi, da yadda mutanen arewa ke yi, in ji bambanci. Ya yi su biyun a hanci, a hankali, yana kaɗa yatsa a gwiwa. Na arewa ya fi sauri da ado. Na ubansa ya fi nauyi, kuma akwai wani wuri kusa da ƙarshe inda yake tsayawa kamar mai sauraron amsa. Na tambaye shi dalilin tsayawar, ya ce haka ya tarar.

Da yawa daga cikinku za su tafi gida hutu, wasu kuma an tura su aiki ƙananan hukumomin yamma, a ofishin gona ko asibiti ko makaranta. Kowannenku na da wayar da ta fi na'urar da Erlmann ya ɗauka zuwa Maraɗi. In kun sami irin wannan tsoho, ku gaishe shi yadda ya kamata, ku nemi izninsa, kada ku sa shi abin da ya ce ya bari. Ku tambaye shi wa ya koya masa, shi kuma wa ya koya wa wancan, daga wane gari, kuma me ya tashe su daga can. Ku rubuta sunayen garuruwan ko da ba ku same su a taswira ba, musamman ma waɗanda ba ku samu ba. Abin da kuka ɗauko ku kai sashen nazarin harsuna ko na tarihi a ajiye, da kwanan wata da sunan wurin.

Shugaba, na ga ana nuna mini agogo, kuma na hango hannuwa biyu a sama tun ɗazu.